Lafiyar Naƙasasshe da Wasansa

Jama'a, akwai wani kuskure da ya daɗe a cikinmu har ya zauna daram. In mun ga gurgu, ko makaho, ko kurma, sai mu ɗauka ciwonsa ke nan guda ɗaya tilo, Allah Ya ɗora masa, magana ta ƙare. Mukan manta cewa sauro ba ya duba ƙafar mutum kafin ya cije shi. Gurgu yana zazzaɓi, yana hawan jini. Makauniya tana ɗaukar ciki, tana bukatar awo kamar kowace mace. Kurma yana kamuwa da ciwon sukari, kuma in ba a fahimtar da shi abin da zai ci da wanda zai bari ba, ciwon zai yi ta cinsa yana kallo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da naƙasa mai nauyi, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, ko ka ce mutum 1 cikin kowane 6. Ta kuma ce wasunsu kan riga sauran jama'a mutuwa da shekaru har 20. Ajali na Allah ne, babu musu. Amma sababi fa? Sau da yawa ba naƙasar ce ke kai mutum kushewa ba, abubuwan da ke biyo bayanta ne: gyambo, ciwon mafitsara, ƙiba, hawan jini, da ƙuncin zaman kaɗaici. Duk waɗannan kuwa ana iya tare su da abu biyu masu araha, sani da motsa jiki.

Yadda wasa ya shiga cikin magani

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sojan da harsashi ya taɓa masa laka ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa, likitoci kan yanke ƙauna da shi tun ranar farko. Akan kwantar da shi a gado a jira lokaci. Yawancinsu ba sa daɗewa, kuma abin da ke kashe su ba harsashin ba ne. Kwanciya wuri ɗaya ce ke huda musu fata ta zama gyambo har ƙashi, fitsari kuma ya taru ya ruɓe ya hau ƙoda.

Akwai wani likita Bayahude ɗan Jamus, Ludwig Guttmann, wanda ya tsere wa mulkin Hitila ya koma Ingila a 1939. A 1944 aka ba shi riƙon sashen masu ciwon laka a asibitin Stoke Mandeville. Dokar farko da ya kafa ita ce a riƙa juya kowane majiyyaci bayan awa 2, dare da rana, ko yana barci. Ya kula da fitsarinsu da tsafta. Da suka daina mutuwa sai ya ga wata matsalar: ga samari da rai, amma zuciya ta mutu. Sai ya tashe su daga gado, ya sa su a keke, ya ba su ƙwallo da baka da kibiya. Harbin baka yana ƙarfafa kafaɗa da baya, waɗanda su ne mai keke ke dogaro da su wajen ɗaga kansa daga gado zuwa keke. Ranar 29 ga Yuli 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olamfik a Landan, ya shirya gasar harbin baka ta mutum 16 a harabar asibitin, maza 14 mata 2. Wannan 'yar gasa ce ta girma har ta zama wasannin Faralamfik, waɗanda aka fara a birnin Rum a 1960 da 'yan wasa kamar 400 daga ƙasashe 23.

Ka lura, mai karatu, da inda abin ya faro. Ba a filin wasa aka haifi wasannin Faralamfik ba, a ɗakin jinya ne, kuma likita ne ya rubuta su kamar yadda ake rubuta ƙwaya da allura. Wanda ke ganin wasa shagala ce da naƙasasshe ba shi da lokacinta, to bai san asalin abin ba.

Gyambon zama da na kwanciya

Bari mu tsaya a kan gyambon nan, don har yau yana kashe mutane a gidajenmu, musamman waɗanda haɗarin mota ko na babur, ko faɗowa daga bishiya, ya taɓa wa laka, da tsofaffin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar.

Kai mai lafiya, in ka daɗe a zaune kan tabarma ɗuwawu ya yi maka zafi, kakan gyara zama ba tare da ka sani ba. Wanda jikinsa ya mutu daga ƙasa ba ya jin wannan zafin. Nauyinsa yana danne fata tsakanin ƙashi da abin zama, jini ya daina ratsa wurin, nama ya fara mutuwa daga ciki. Kafin a ga rami a waje, ɓarna ta yi nisa a ciki. Wuraren da abin ya fi kamawa su ne ƙasan ɗuwawu, da gindin ƙashin baya, da gefen ƙugu, da diddige, da idon sawu.

Littattafan Turawa sukan ce a duba inda ya yi ja. A baƙar fata ja ba ya fita sosai, saboda haka sai a duba inda ya fi sauran jiki duhu, ko yake ƙyalli, ko ya yi tauri, ko ya fi kewayensa zafi in an ɗora bayan hannu. A duba safe da yamma. Mai keke ya mallaki ɗan madubi na kansa don ya ga bayansa, kada ya jira sai an duba masa. In an ga alama, to maganin farko shi ne a ɗauke nauyi daga wurin ɗungum har ya koma daidai. Kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi, kada a barbaɗa toka ko garin ƙwayar magani. In fata ta buɗe, sai asibiti.

Na kwance a juya shi bayan kowace awa 2. Na zaune a keke ya dafa hannuwa ya ɗaga jikinsa, ko ya sunkuya gaba, ko ya karkata gefe, duk bayan minti 15 zuwa 30. A sa matashi mai laushi a kan keke, kada a zauna kan katako ko ƙarfe tsirara. A shimfiɗa zanen gado sumul ba tare da ƙudundunewa ba, a kaɗe ɓurɓushin abinci, kada a bar jiki cikin danshin fitsari. Sai kuma shan ruwa. Da yawa daga masu keke sukan ƙi shan ruwa da gangan don gudun neman makewayi a wurin da ba za su iya shiga ba. Wannan dabara ce mai kashe ƙoda. Fitsari mai kauri, mai wari, tare da zazzaɓi da rawar sanyi, alama ce ta ciwon mafitsara, a nemi magani ranar, ba gobe ba.

Haka zancen yake ga wanda ya yi kuturta. Cutar kanta tana warkewa sarai da haɗin ƙwayoyi na wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 ake ba da su kyauta a duniya ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda ya fara shan magani ba ya yaɗa ta. Ba kuturta ce ke guntule yatsu kai tsaye ba. Jijiya ce ke mutuwa, sai mace ta ɗauki tukunya daga murhu ba ta ji ƙuna ba, ko namiji ya taka ƙaya ya wuni da ita a ƙafa. Saboda haka kowace yamma a jiƙa ƙafa da hannu cikin ruwa, a goge kanta da dutsen goge kaushi, a shafa mai, a duba tsakanin yatsu. A kaɗe takalmi kafin a sa. A naɗa tsumma a marikin tukunya da na buta.

Wa ke jin shelar?

To, duk wannan bayani da muka yi, ta wace hanya yake isa ga mai shi? Nan ne gizo ke saƙar. Mun saba wayar da kai ta hanya uku: rediyo, da takardar manna wa bango, da jawabin malamar asibiti ranar awo. Rediyo bai san da kurma ba. Takardar bango ba ta san da makaho ba. Jawabin asibiti kuwa sai wanda ya iya hawa matattakala ya shiga zaure.

Je ka ɗakin awo ranar da mata suka cika, ka tsaya daga gefe. Malama tana tsaye tana bayanin alamun haɗari: kumburin ƙafa da fuska, ciwon kai mai tsanani, zubar jini, jijjiga. Mata suna gyaɗa kai. A ƙarshen benci akwai kurma da cikinta, ita ma tana gyaɗa kai don ta ga ana yi. In an kira suna ba ta ji, sai layi ya wuce ta. In ta shiga wurin likita da ƙanwar mijinta a matsayin tafinta, likita ya juya wa mai cikin ƙeya yana magana da 'yar rakiya, kuma akwai abin da mace ba za ta faɗa a gaban dangin miji ba ko za ta mutu. Ta fito da leda cike da magani, ba ta san wanne ne na safe wanne ne na dare ba.

Alhali kuwa kurame suna da harshensu cikakke. A ƙasar Hausa akwai maganar hannu, wadda kurame suka gada a tsakaninsu tun kafin zuwan makarantun boko, har wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta yi nazarinta ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000. Akwai kuma maganar hannu ta makaranta, irin wadda ake koyarwa a wurare kamar makarantar Tudun Maliki a Kano, wadda tushenta daga Amurka yake. Biyun ba ɗaya ba ne, kuma wannan yana da muhimmanci: tafintan da ya iya ta makaranta kaɗai ba lalle ne kurman ƙauye ya gane shi ba. Asibitin da ba shi da halin ɗaukar tafinta yana iya tura ma'aikaci ɗaya ko biyu su koyi alamun da aka fi bukata, ya kuma ajiye allon hotuna: rana tana fitowa ƙwaya ɗaya, rana tsaka ƙwaya ɗaya, wata ya fito ƙwaya biyu. A dubi kurma ido da ido in ana magana, a wurin da ke da haske, kada a yi masa ihu.

Makaho kuma a yi masa magana shi kansa, ba ɗan jagoransa ba. A gaya masa abin da za a yi kafin a taɓa shi, kada ya ji tsinin allura kwatsam. A ba shi kwalbar magani a hannu ya shafa, a ɗaura zare ƙulli ɗaya a wuyan ta safe, ƙulli biyu a ta dare. Yanzu da waya ta yawaita, saƙon murya ya fi rubutun makafi saurin isa, don waɗanda suka iya karanta rubutun kaɗan ne, ko da yake makarantar makafi ta Gindiri tana koyar da shi tun 1953.

Wannan fa ba alfarma ba ce. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, wadda sashe na 25 ya yi maganar lafiya, na 30 ya yi maganar wasanni. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Wanda ya karya ta, in mutum ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyu, in kamfani ne naira miliyan 1. Dokar ta wajabta wa asibitin gwamnati tanadar hanyar fahimtar juna da majiyyacin da ba ya ji ko ba ya magana, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Kowa ya dubi ɗakin shan maganin unguwarsu ya yi wa kansa hisabi.

Ƙwallon guragu

Ba sai mun je Ingila neman misali ba. A 1988 wani matashi ɗan Kano da shan inna ta taɓa, Misbahu Lawan Didi, ya tsara wasan ƙwallon guragu da ake kira para-soka. Ɗan wasa yana zaune a kan ɗan allon katako mai ƙafafun boris, irin wanda guragu suka saba yawo da shi a titi. Ya zura silifa a hannu, da ita yake tura ƙasa ya yi gudu, da hannun kuma yake buga ƙwallo. A kan daɓen siminti ake yi. In ba ka taɓa gani ba, ba za ka yarda da saurin ba: ƙarar boris tana cika wuri, mutum ya taho a guje ya karkata jiki ya juya allo nan take, wani ya kife ya mirgina ya hau abinsa ya ci gaba, kafaɗu kamar na 'yan dambe. Wasan ya bazu jihohi da dama har ya ƙetara wasu ƙasashen maƙwabta, kuma akan shirya gasarsa a lokacin ranar yaƙi da shan inna ta duniya, 24 ga Oktoba.

Waɗannan 'yan wasa sun yi wa lafiyar jama'a aikin da likita bai iya ba. Mun san abin da ya faru a 2003, lokacin da jita-jita ta sa aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa, har sai cikin 2004 aka koma. Cutar ta samu sarari ta yaɗu. Da aka dawo ana bi gida-gida, maigidan da zai kori ma'aikacin lafiya daga ƙofarsa yakan yi shiru in gurgu ne ya zo a kan kekensa ya ce masa, "Malam, dube ni, ɗigo biyu ne ya raba ni da kai." Shan inna ta daji an ga ta ƙarshe a Najeriya a jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ita. Amma yaran da ta shanye a waɗancan shekaru suna nan, yanzu samari ne da 'yan mata masu shekara ashirin da 'yan kai. Jikinsu kuwa yana tare da su.

A fagen duniya kuma naƙasassun Najeriya sun daɗe suna fitar da ƙasar kunya. Sun fara zuwa Faralamfik a Basalona a 1992, suka dawo da zinare 3. A Landan a 2012 masu lafiyar ƙafa sun dawo daga Olamfik hannu rabbana, naƙasassu suka kawo lambobi 13, 6 daga ciki na zinare. A Riyo a 2016 masu lafiya tagulla 1 suka samo a ƙwallon ƙafa, naƙasassu suka kawo 12, da zinare 8. A Faris a 2024 aka sake: can babu ko ɗaya, nan 7. Mafi yawa a ɗaga ƙarfe ake samo su, inda ɗan wasa ke kwanciya rigingine a benci ya ture nauyi daga ƙirji. Daga zinare 8 na Riyo, 6 mata ne suka ci, irin su Lucy Ejike da Bose Omolayo da Flora Ugwunwa mai jifan mashi. Amma ka bi jerin sunayen da kyau, za ka tarar galibinsu daga Kudu suke, alhali nan Arewa ne shan inna ta fi yin ɓarna. Ba ƙarfin kafaɗa muka rasa ba. Benci da ƙarfe da mai horarwa ne ba mu kai inda suke ba.

Kada dai a ruɗi yara da zancen zinare. Mutum ɗaya cikin dubbai ne zai hau jirgi. Abin da kowa zai samu shi ne numfashi mai kyau, da barci, da cikin da ke tafiya daidai, da raguwar ƙiba wadda ke wahalar da mai ɗaga kansa da hannu, da abokan hira. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta haɗa har da naƙasassu: babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, yaro kuma kamar minti 60 a rana. Minti 30 sau 5 a mako ya cika mafi ƙarancin ma'aunin.

Yadda za a fara a unguwa

Ba a bukatar babban filin wasa. Makafi suna da wasan da ake kira golbol, wanda aka ƙirƙiro a 1946 don sojojin da suka makance a yaƙi. Mutum 3 ne kowane gefe, kowa an ɗaure masa ido don a zama daidai, ana gangaro ƙwallo mai ƙararrawa a ciki, masu tsaro su kwanta su tare da jiki. 'Yan kallo dole su yi tsit, don da kunne ake wasan. In babu ƙwallon gaske, a sa ƙwallo cikin leda mai ƙara a ɗaure, a shimfiɗa igiya a ƙasa a manne ta yadda ɗan wasa zai shafa ya san iyaka. Makaho yana gudu ma, shi da abokinsa mai gani suna riƙe da 'yar gajeriyar igiya ɗaya. Masu ƙafa ɗaya suna ƙwallo da sandunan dogarawa, mai tsaron raga kuwa mai hannu ɗaya ne. Akwai ƙwallon raga ta zaune, wadda mai ƙafa da marar ƙafa za su yi tare in kowa ya zauna a ƙasa. Wannan ta fi dacewa da makarantun firamare, inda aka saba barin yaro gurgu yana gadin jakunkuna da takalma in an fita motsa jiki. Malamin da ke yin haka yana ganin tausayi ne, yaron kuwa darasin da yake ɗauka daban ne. Kurame ba abin da ke hana su kowane wasa, sai dai alƙali ya riƙe tuta maimakon usur.

'Yan mata da matan aure a ba su lokacinsu da wurinsu, a harabar makarantar mata ko cikin gida mai faɗi, da mace mai horarwa. In ba a yi haka ba iyaye ba za su bari ba, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Akwai hattara. Wanda lakarsa ta taɓu daga sama ba ya gumi yadda ya kamata, zafi na iya kayar da shi, sai a yi wasa da sassafe ko bayan la'asar, a riƙa yayyafa masa ruwa. Wanda ya yi shan inna kada ya matsa wa gaɓar da ta raunana har ta gaji liƙis, in ciwo ya kwana biyu to an wuce gona da iri. Zabiya ya sa hula mai faɗi da riga mai dogon hannu, don rana tana jawo masa kansar fata. Mai farfaɗiya yana wasa lafiya lau in yana shan maganinsa, amma kada ya shiga rafi ko kududdufi shi kaɗai. In ta tashi, a kawar da abin da zai buge shi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kuma yawunsa ba ya sa wa kowa cutar. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara ɗaga ƙarfe. Inda akwai likitan gashin ƙashi, kamar a asibitin ƙashi na Dala, a nemi shawararsa kan motsin da ya dace da kowane jiki.

Duk wanda zai shirya irin wannan, hakimi ne ko kansila ko ƙungiyar matasa, ya fara da gaida masu abin. Ƙasar Hausa ta daɗe da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, ga kuma ƙungiyoyin zamani na naƙasassu a kowace jiha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su ne za su gaya maka cewa Juma'a ba ranar taro ba ce a wurinsu, cewa abin da ke hana zuwa fili kuɗin mota ne da yashin da keke ke kafewa a ciki, ba lalaci ba. A zauna da su tun kafin a buga takarda ko a zuba siminti.

In an zo zuba simintin kuma, a gaya wa magini ma'auni, don da yawa daga gangarar da ake yi a ƙofar asibitoci tsayuwarta ta sa ko mai turawa sai ya yi nishi. Ƙa'ida ita ce kowane santimita 1 na tudu a ba shi santimita 12 na tsawo: dakali mai tudun santimita 30 yana bukatar gangara mai tsawon mita 3 da santimita 60, da ƙarfen dafawa a gefe, kuma kada a goge daɓen ya yi santsi. Ƙofa ta kai faɗin santimita 90. Ta makewayi kuma ta buɗe zuwa waje, don in ta buɗe ciki keke ya shiga ba za ta rufu ba.